Kafin Jirgin Yunusu Ya Sauka

Mutanen Ader ba su san tsoron nisa ba. Ka ce wa ɗan Barmu wuri ya yi nisa, abin da zai tambaye ka kawai shi ne ko mota na zuwa. Da wuya ka sami gidan da ba shi da mutum a Abidjan ko Libiya, har akan ce in kana neman mazan garin da rani, ka fara dubawa daga bakin teku. Amma Indiya dabam ce. Ko tsofaffin da ƙafarsu ta taka ko'ina sai da suka yi shiru ranar da aka ce can za a kai Abdurazak, ɗan Inna Hawa na fari, a sa masa ƙodar ƙanensa Yunusu.

Ƙanwarsu Hafsatu ce ke zaune da Inna a Barmu, domin mijinta na Abidjan tun bayan girbi. Wata Lahadi ta shiga Tawa sayen maganin hawan jinin tsohuwar, ta biya ta rumfar Kawu Muktari, ƙanen Inna, inda yake sayar da albasa a bakin kasuwa. Kawu mutum ne da ko ƙuda ya sauka a buhunsa sai ya yi masa faɗa. Ran nan kuwa ta same shi zaune, hula a kan gwiwa, akuya na cin albasarsa yana kallo.

"Zamna, ɗiyata," ya ce.

Ta zauna a kan buhu.

"Abdurazak ya riga mu gidan gaskiya. Jiya. Ba a ma kai ga aikin ba, zuciya tat tsaya. Yunusu yai mai wanka da hannunai, Musulmin can sunka taimaka, an kai shi makwancinai."

Hafsatu ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, domin baki ya san aikinsa ko mai shi ba ya nan. Ta jira kuka ya zo. Bai zo ba. Abin da ta lura da shi kawai shi ne kunnen akuyar nan a tsage yake, kuma an daɗe da tsaga shi.

"Saurara da kyau," in ji Kawu. "Ba a aiko ma uwa mutuwa ta iska. Wanda yas sa shi rami, shi ka zuwa ya durƙusa gabanta ya hwaɗi. Haka munka iske. Ga shi kuma kin san jininta, in tat tashi hwaɗuwa babu mai tare ta. Gobe Yunusu na shiga jirgi. Kahin ya iso, ko hawaye guda ban yarda ta gani ba."

"Kawu, ɗaki guda muke kwana."

"Shi ya sa ke nika gaya ma."

Ya ciro waya ya nuna mata hanyar da Yunusu zai biyo, kamar ganin hanyar zai rage mata wani abu. Daga filin jirgin Delhi zuwa na Yamai, ya ce, ya kusa kilomita dubu takwas, in tsuntsu ne ke tafiyar. Jirgi kuwa ba tsuntsu ba ne, sai ya ratse Addis Ababa ya sauke mutum ya jira wani jirgin. In ya sauka Yamai kuma sai ya nemi kar, babbar motar nan ta fasinja, ta bi da shi Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni kafin Tawa. Hafsatu ta taɓa zuwa Yamai sau ɗaya, ta yi kwana biyu bayanta na ciwo. Kawu ya ce ta jera wannan tafiyar fiye da sau goma, to ta fara kusantar nisan. Ta gwada jerawa a ranta, ta kai uku ta bari. Ta tashi ta ɗauki ledar magani, ta tafi tasha.

Tun da ƴaƴanta suka tafi Inna Hawa ta ɗauki wata al'ada. Da safe da kuma bayan la'asar takan kira Hafsatu ta kawo waya, ta danne mata wurin magana, ita kuma ta yi wokal, saƙon muryar nan, a aika wa Abdurazak. Abin dariya ne ga duk wanda ya san ta. Matar da ta shekara arba'in ba ta kama sunan ɗanta na fari ba, ba ta dube shi ido cikin ido ba saboda kunya, sai ga waya ta kwance mata baki. Suna dai har yau ba ta kamawa, amma sauran magana babu wadda take ragewa.

Hafsatu na shigowa gida, ko mayafi ba ta cire ba, Inna ta ɗago daga tabarmar kabar da take saƙa.

"Kin daɗe. Kawo abin nan, rana na shirin hwaɗuwa."

Hafsatu ta durƙusa, ta ɗora babban yatsa a kan gilashin, ta miƙa wayar kusa da bakin uwarta.

"Kai, mai taurin kai," in ji Inna. "Ka ci abinci? An ce mutanen can ba su san hura ba, barkono kaɗai sunka sani. Ka daure ka ci. Tunkiyarka ta haihu, tagwaye, guda baƙi. Ba ni sai da su sai ka zo ka gani da idonka. Ka gai da ƙanenka."

Hafsatu ta ɗaga yatsa. Alamar nan biyu ta fito, ta nuna saƙo ya isa. Aljihun Yunusu ya isa, inda wayar mamacin take.

"Bai amsa na jiya ba," Inna ta ce.

"Sun kai shi ɗakin da ba a shiga da waya, Inna. Likitoci sun ce ya huta."

Ƙaryar ta fito sumul, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Hafsatu ta so ta ji tsoron kanta, amma tsoron ma bai zo ba. Ta tashi ta hura wuta, ta ɗora tukunya, ta tuƙa tuwo, kuma tuwon ya yi daɗi.

Kafin gari ya waye duniya ta gama ji. Matar Abdurazak da ke Abidjan ta shiga takaba. Ƴan Barmu na Libiya sun taru sun yi masa addu'a. Saƙon ta'aziyya ya dinga shigowa wayar Hafsatu daga garuruwan da ko sunansu ba ta iya faɗa daidai ba, har ta kashe ƙarar wayar ta tura ta cikin buhun gero. Mutum ɗaya ce ta rage a doron ƙasa da Abdurazak ke raye a wurinta, ga ta can gindin bedi tana faɗa da kaji.

Garin ya riƙe sirrin, amma irin riƙon da ƙauye ke yi, wanda makaho ma zai shafa ya ji. Mata suka dinga shigowa gaisuwa babu dalili, su zauna su kalli ƙasa, su ce sun zo aron rariya, su tafi ba rariya. Jummai, maƙwabciyar da ta shekara goma suna fafatawa da Inna a kan awakin da ke tsallake danga, ta aiko da ƙwaryar nono kyauta. Maza in sun iso ƙofar gidan sai su rage murya. Inna ta bi su da kallo, ta taɓe baki.

"Mutanen garin ga sun yi hankali dare ɗaya. Ko azumi ya kusa ban sani ba?"

Hafsatu ta yi dariya, domin wurin dariya ne.

Ranar Talata da hantsi ta zaga bayan rumbu ta buɗe waya. Yunusu ya aiko hoto. Ya ɗauki ɗan gilashin da ke jikin kujerar jirgi, ga taswira, ga ƙaramin jirgi fari a kan ruwa shuɗi, ga lambobi a gefe masu faɗin abin da ya rage na tafiya. Ta daɗe tana kallo. Watanni ta yi tana tsine wa wannan nisan, tana cewa wace irin ƙasa ce da mutum ba zai iya kai wa ɗan'uwansa kunu ba. Yanzu ta gane nisan nan shi kaɗai ne sauran rai da ya rage wa Abdurazak a gidan nan. Duk kilomitar da jirgin ya ci, daga cikin wannan ran yake ci. Da za a tambaye ta, da ta ce a matsar da Indiya gaba. Ba baƙin ciki take ji ba. Ta neme shi a ƙirjinta ta rasa, sai wani abu kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka taɓa ka ji ta wani ce.

Ƙasan hoton akwai saƙon murya. Ta danna, ta manta cewa ta buɗe ƙarar da safe don ta kira mijinta. Muryar Yunusu ta fito ƙarara, a dushe, ga hayaniyar filin jirgi a bayanta.

"Hafsatu, na sauka Addis. Jirgin Yamai ya samu matsala, sun ce sai gobe."

Ta yi sauri ta danne, amma aikin gama ya gama. Inna na tsaye a kusurwar rumbu da ƙwaryar dusa a hannu. Kunnen da in an ce ta sha magani ba ya ji, yau ya ji daga nesa.

"Muryar Yunusu ta. Jirgin Yamai yac ce? Suna tahe?"

"Suna tahe, Inna."

"Su duka?"

A nan ne Hafsatu ta sami ƙofa a buɗe, ta kuma gan ta sarai. Da ta yi shiru kawai, da shirun ya faɗi kome. Ta dubi jijiyar da ke harbawa a wuyan tsohuwar, ta tuna babu mota a garin sai ta yamma.

"Su duka," ta ce.

Inna ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, kaji suka yi caa a kai, ko korarsu ba ta yi ba. Ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala. Daga nan gida ya kama da wuta. A share ɗakin ƙofa, a shanya katifa, a aika a nemo cuku mai kyau wurin Buzayen da ke sauka bayan gari, a jiƙa gero. Tsohuwar da sai ta dafa bango take tashi, ran nan ita ce har da ɗaga turmi. Da azahar ta wuce ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta dube su, ta yi tsaki.

"Dubi ƙahwa awa ta mai noman gayya. Ɗiyana sun ƙetare teku sun dawo, in tarbe su haka? Ɗauko lallen nan da kinka daka. Yau sai kin ƙunsa min, hannu da ƙahwa."

Hafsatu ta ce rana ta yi. Inna ta ce ranar ba a kanta take ba. Hafsatu ta ce lallen ya daɗe, ƙila ya huce. Inna ta ce ta shinshina shi shekaranjiya, lafiyarsa lau. Sai Hafsatu ta fita waje kamar za ta ɗebo ruwa, ta kira Kawu Muktari.

"Lalle taka so, Kawu. Lalle ba ya hita. Za ta zamna makoki da shi."

Ana jin hayaniyar kasuwar Tawa ta cikin wayar.

"In kinka hana ta, mi za ki ce mata? Yi mata abin da taka so. Saura kaɗan."

Haka maza suke, su yanka doka a rumfa, hannun mace ya je ya aikata. Hafsatu ta leƙa ta danga ta ce wa Jummai ta zo ta taya ta riƙe ƙafa. Jummai ta zaro ido, ta ce ta bar tukunya a wuta, ta shige ɗaki ta ja tabarmar ƙofa, alhali ko hayaƙi babu a gidanta.

Duk Barmu an san hannun Hafsatu a lalle. Amaren unguwa uku ita suke jira, don nata in ya kama sai ya yi wata biyu yana magana. Ta zuba garin a ƙwarya. Ta yi tunanin ta cika masa ruwa ya tsinke, ko ta ƙi sa tsami, yadda in an wanke zai bar ɗan ja-ja kawai da zai gushe cikin kwana kaɗan. Ta yi tunanin sarai, har ta ga dabarar ta yi. Sai dai kafin tunanin ya sauko daga kai, hannu ya riga ya yanka lemun tsami ya matse, ya kwaɓa daidai kauri, yadda ya saba. Ta tsaya tana kallon ƙwaryar kamar wata ce ta kwaɓa ta ajiye mata.

Ta ɗora ƙafar uwarta a cinya. Ƙafa ce mai kaushi, mai faso a dunduniya, mara nauyi. Ta shafa lallen a tafin, ta bi gefe ta daidaita layi da ɗan yatsa, ta rufe farce ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe da leda ta ɗaure da tsumma. Ta koma ɗaya ƙafar, sannan hannuwa. Inna na ta zuba. Ta ba da labarin ranar da aka haifi wancan mai taurin kan, shekarar da rijiyar gabas ta rufta, yadda ya ƙi kuka sai da ungozoma ta watsa masa ruwan sanyi. Da aka gama ta ga hannuwanta a ɗaure, ta yi dariya.

"To yau ko na so ban iya taɓa wayar. Danna min."

Hafsatu ta goge yatsa a zane, ta danna.

"Kai," in ji Inna, muryarta ta yi ƙasa. "An ce kuna hanya. Kar ka ɗauki kaya mai nauyi, bar ma ƙanenka. Ban son tsaraba. Ka zo dai."

Washegari da safe Inna ta duba ta ce bai kai yadda take so ba, a maimaita. Aka maimaita. Lokacin da take zaune a inuwa da ƙafafu a naɗe karo na biyu, jirgin Yunusu na sama tsakanin Addis da Yamai, yana cin abin da ya rage. Da aka kwance aka wanke, lallen ya yi jajawur har ya doshi baƙi. Hafsatu ba ta taɓa yin wanda ya kama haka ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida. Inna na zaune a kan sabuwar tabarma, ta sa zanen da take ajiya, ta miƙe ƙafafu gaba. Kawu Muktari ne ya fara shigowa, liman na bin sa. Sai Yunusu, ya rame, idonsa ya faɗa, yana tafiya a miƙe irin ta mutumin da wuƙa ba ta taɓa ba. Inna ta dubi bayansa. Babu kowa sai direba da ke sauke jaka.

Yunusu ya zube a gabanta, ya kafa gwiwa biyu a ƙasa.

"Inna, sai haƙuri. Allah ya yi ma Yaya cikawa. Ni na wanke shi, ni na sa shi."

Inna ba ta faɗi ba. Jinin da aka yi ta tsoro bai yi kome ba. Ta ce innalillahi a hankali, ta maimaita, sannan ta tambaya kamar mai tambayar farashin gero.

"Yaushe?"

"Asabar."

Ta shiga ƙirga kwanakin, leɓɓanta na motsi. Ba ta gama ba sai ga tabarmi na shigowa, a naɗe, a shirye, ana shimfiɗawa tun daga zaure har gindin bedi. Mata suka cika gidan, kowacce da mayafin da ta tanada. Inna ta bi tabarmin da kallo, ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, babu wadda labarin ya zo wa sabo. Ta janye ƙafafunta a hankali ta tura su ƙarƙashin zane. Liman ya ce a yi fatiha. Hannu kuwa ba ya ɓoyuwa a fatiha. Ta ɗaga su, jajaye kamar na amarya, a tsakiyar gidan mutuwa, mata suka sunkuyar da kai.

Da aka shafa ta miƙe ba ta dafa kowa ba, ta zaga bayan ɗaki. Hafsatu ta ɗauki buta ta bi ta. Ta same ta tsugune, ta ɗebo toka a murhu, tana dirzar tafin hannunta da dutsen goge kaushi. Fatar ta fara ɗayewa, jan yana nan inda yake.

"Inna, ba shi hita. Za ki ji ma kanki ciwo."

Inna ba ta ɗago ba.

"Sanda kinka kwaɓa shi, kin sani?"

"Na sani."

"Sanda kika riƙe min waya ina ce mai ya ci abinci?"

"Na sani, Inna. Kawu yac ce..."

"Ban tambaye ki Muktari ba. Muktari bai ɗora ƙahwata a cinya ba." Ta ci gaba da dirza. "Har lemu kinka sa."

Hafsatu ta tsaya da butar a hannu. Yanzu an ba ta izinin kuka, duk gidan ma shi ake yi, tana jiyo muryar mata ta bayan bango. Ta jira shi ya zo. Ta durƙusa ta karkata butar don ta zuba wa uwarta ruwa ta wanke tokar. Inna ta janye hannuwanta gefe, ruwan ya zuba a ƙasa.

"Aje nan," ta ce. "Kira min Jummai ta zuba min."

Hafsatu ta ajiye butar, ta tafi kiran Jummai.